Ɓatan Wata da Allurar Kemis: Shawara ga Matan Sabon Birni da Isa

A ƙasar Gobir mace ba ta cika fitowa fili ta ce al'adarta ta tsaya ba. Sai dai ta ce wata biyu ke nan ba ta yi fashin salla ba, ko ta ce jini ya taru mata a mara ya ƙi sauka. Wata ma ba za ta ce komai ba, yaro za ta aika kemis da tsohon kwalin da maƙwabciya ta ba ta, ta ce a ba shi irinsa. Abin da yaron ke dawowa da shi sau da yawa ɗaya ne cikin biyu: ko 'yar kwalbar allura mai ruwa kamar mai, wadda aka fi sani da Menstrogen, ko 'yan fararen ƙwayoyin da ake kira Primolut N, an yanko guda shida ko goma da almakashi daga jikin katinsu, ba kwali, ba takardar bayani, ranar lalacewarsu ma ta tafi da ɓangaren da aka sayar wa wata.

Ba a nan kaɗai ake yin haka ba, ana yi a Kano, ana yi a Legas. Amma a Sabon Birni da Isa akwai abin da ya sa lamarin ya fi tsanani. Mace a Gatawa ko Tsamaye ko Kurawa, ko a Turba da Bafarawa, in tana son ganin likitan mata sai ta yi tunanin hanya kafin ta yi tunanin kuɗi. Hanyar Isa zuwa Marnona ta dajin Gundumi kowa ya san halinta, kuma a kan hanyar dawowa daga Sakkwato 'yan bindiga suka kama Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a shekarar 2024, Allah Ya jiƙansa. Tun daga 2019 dubban iyalai suka ƙetara zuwa Gidan Rumji da sauran garuruwan jihar Maraɗi, wasu sun dawo, wasu suna kai da komowa. Ƙananan asibitoci da yawa na ƙauyuka ma'aikatansu sun janye zuwa cikin gari. Wanda ya saura a kusa, wanda ake iya buga wa ƙofa bayan isha'i, shi ne mai kemis, sai mai tallar magani a faranti ranar kasuwa, wanda rabin kayansa rubutun Faransanci ne a jiki.

Saboda haka ba zan ce wa kowa "je ki ga likita" in tattara takarduna ba, don na san wannan maganar ba ta kai mace ko'ina. Abin da nake so a riƙe abu ne da ake iya yi a cikin ɗaki, da kuɗin da bai kai na allurar ba: kada mace ta sha ƙwaya ko ta yarda a yi mata allurar sauko da jini sai ta gwada fitsarinta da tsinken gwajin ciki. Dalilin haka yana da tarihi, kuma tarihin ya cancanci a ba da shi.

Bari mu fara da yadda jinin yake zuwa. Kowane wata jikin mace yana yin shimfiɗa a cikin mahaifa domin ɗan da ake sa rai. Sinadarai biyu da ƙwan mace ke fitarwa su ne ke wannan aiki. Na farko, istirojin, shi ke gina shimfiɗar ta yi kauri. Na biyu, furojestaron, ba ya fitowa sai bayan ƙwai ya fita, kuma aikinsa ya riƙe shimfiɗar ta zauna daram. In ciki bai shiga ba, bayan kamar mako biyu furojestaron ya ja baya, shimfiɗar ta rasa mai riƙe ta, ta zubo. Wannan shi ne haila. Abin da allurar Menstrogen ke yi shi ne ta zuba wa jiki irin waɗannan sinadarai biyu daga waje, su yi 'yan kwanaki su ƙare, ƙarewarsu ta sa abin da ke cikin mahaifa ya zubo. Primolut N ma haka, in an sha aka daina, bayan kwana biyu zuwa 'yan kwanaki jini ya zo. Kamar girgiza magarya ne: abin da ke sama zai faɗo, amma girgiza ba ta sa bishiya ta yi 'ya'ya. Mace ta ga jini ta ce ta warke, alhali abin da ya hana ƙwai fita yana nan yadda yake, wata mai zuwa kuma a sake aiken yaro.

In kuwa ciki ne ya tsayar da al'adar, labarin ya canza. Cikin da kansa yana sa jiki ya ci gaba da fitar da furojestaron mai yawa, don haka ƙarewar allurar ba ta girgiza komai, jini ba ya zuwa. Sai a ce allurar ba ta yi ƙarfi ba, a ƙara ta biyu, a bi da ta uku, a haɗa da ƙwaya. Duk wannan yana ratsa jinin uwa yana isa ga ɗan tayin da yake cikin makonnin da ake halittar gaɓoɓinsa. Ya kamata a faɗa ƙarara, domin akwai masu neman ta da wata manufa: wannan allura ba ta zubar da ciki, ba ta kuma hana ɗaukarsa. Wadda ta dogara da ita don ɗaya daga cikin biyun ta dogara da abin da ba zai yi mata ba.

Waɗannan magunguna tsofaffi ne, sun girmi masu shan su a yau. A shekarar 1938 wani masani a Landan, Charles Dodds, shi da abokan aikinsa suka haɗa wani istirojin na ɗakin gwaji mai arha, wanda ake sha ta baki, aka san shi da DES ko Stilboestrol. A wannan shekarar ce kuma masana a Jamus suka haɗa furojestaron na farko da ake iya haɗiya. A 1951 a birnin Meziko aka samo wanda ya fi shi ƙarfi, noretistaron, shi ne abin da ke cikin Primolut N har gobe. Likitocin wancan zamani sun yi murna, suka shiga ba da su ga kusan kowace matsalar mata: tsayawar al'ada, yawan jini, ciwon mara, busar da nono bayan haihuwa, da kuma hana ɓari.

A kan hana ɓari ne aka yi babbar asara. Daga ƙarshen shekarun 1940 aka riƙa rubuta wa masu ciki DES a Amurka da Turai, da zaton yana riƙe ciki. A 1953 wani likita a Shikago, William Dieckmann, ya gwada shi yadda ya kamata, ya ba wasu mata maganin ya ba wasu ƙwayar da ba komai a cikinta, ya tarar bai hana ɓarin ko kaɗan ba. Duk da haka aka ci gaba da rubuta shi kusan shekara ashirin, saboda likitoci sun saba, mata kuma suna neman a yi musu wani abu. Sai a 1971 Arthur Herbst da abokan aikinsa a Bostan suka ba da rahoton 'yan mata takwas, masu shekara 15 zuwa 22, da suka kamu da wata irin sankarar farji wadda a da sai ga tsofaffi ake ganinta, ita ma da ƙyar. Da aka bi diddigi, bakwai daga cikinsu iyayensu mata sun sha DES lokacin da suke ɗauke da cikinsu. A shekarar nan hukumar magunguna ta Amurka ta hana ba masu ciki shi. A Faransa, inda ake sayar da shi da sunan Distilbène, sai a 1977 aka daina. Daga baya aka gane cewa sankarar, wadda ke samun kamar ɗaya cikin dubu, ba ita kaɗai ba ce illar: da yawa cikin ɗiyan nan mata an haife su da mahaifa mai ƙunci wadda siffarta ta karkace, suka girma suna fama da rashin haihuwa, da ciki a wajen mahaifa, da haihuwar bakwaini. Uwa ta sha magani don ta ceci ɗiyarta, illar ba ta bayyana ba sai da ɗiyar ta isa aure.

Wanda ya fi kama da abin da muke yi a nan shi ne Primodos. Kafin a sami gwajin fitsari mai sauƙi, likitoci a Birtaniya suna ba mace ƙwaya biyu, a ce in jini ya zo ba ta da ciki, in bai zo ba tana da shi. Abin da ke cikin ƙwayar noretistaron ne da istirojin. A 1967 wata likitar yara, Isabel Gal, ta ja hankali cewa tana ganin alaƙa tsakanin irin wannan gwaji da haihuwar jarirai masu naƙasa a ƙashin baya. An daɗe ana ja-in-ja, har aka janye shi daga kasuwar Birtaniya a 1978. Har yau masana ba su haɗu a kan cewa shi ne ya jawo naƙasar ba: kwamitin da gwamnatin Birtaniya ta kafa a 2017 ya ce hujjojin ba su tabbatar da haka ba, amma wani bincike mai zaman kansa a ƙarƙashin Baroness Cumberlege a 2020 ya ce tun 1967 ya kamata a daina, tunda akwai shakka kuma akwai wata hanyar gwaji da ba ta taɓa ɗan tayi. A ganina wannan hukunci na biyu shi ne daidai, kuma shi ya shafe mu. In an yarda cewa a 1967 ba a da uzurin gwada ciki da sinadari, mu da tsinken gwaji ke rataye a kowane kemis ba mu da shi ko kaɗan.

Tsinken kuwa ba ya buƙatar boko. A sami fitsarin farko na asuba a cikin mazubi mai tsabta, a tsoma ƙarshen tsinken zuwa inda aka ja layi, kada a wuce, a ƙirga kamar goma, a ɗora shi a kwance a jira minti biyar. Layi biyu, ko da na biyun ya yi dishi-dishi, ciki ne. Layi ɗaya, babu. In ba layi ko ɗaya, tsinken ya lalace, a sake da wani. Wanda ledarsa ta huje, ko ya kwana biyu a rana a kan faranti, kada a saya. In an gwada da wuri, kwana ɗaya ko biyu da ɓatan wata, aka ga layi ɗaya, a dakata mako guda a sake kafin a yanke hukunci. Wadda ke jin nauyin saye da kanta, maigida ya sayo mata guda uku ya ajiye a ɗaki, ba abin kunya a ciki.

To, an gwada sau biyu, ba ciki, jini kuma bai zo ba. A nan ma ba allura ce ta gaba ba, tambaya ce. Kina shayarwa? Mai goyo tana iya yin shekara ko fiye ba ta ga al'ada ba, lafiyarta lau. Kina kan allurar tazarar haihuwa ta wata uku, ko an sa miki ashanar hannu? Ɗaukewar jini sananne ne a tare da su, kuma ba taruwa yake yi a mara ba. Shimfiɗar ce ba ta yi kaurin da za ta zubo ba, don haka babu wani datti da ake buƙatar wankewa. Bayan an daina allurar wata uku, al'ada kan ɗauki watanni kafin ta daidaita. Sai kuma abin da ya fi yawa a wannan yanki a 'yan shekarun nan, wanda ba a cika kawo shi a lissafi ba: yunwa da firgita. Macen da ta kwana a daji da goyo, ta bar rumbunta, take zaune a makarantar firamare ko a gidan dangi tana cin abinci sau ɗaya a yini, ƙwaƙwalwarta kan dakatar da fitar ƙwai da kanta har sai hali ya gyaru. Irin wannan mace wani lokaci ko an yi mata allurar jinin ba ya zuwa, domin babu shimfiɗar da za a zubar. Abinci take buƙata, da ƙwayar ƙarin jini, da barci.

Akwai wata da nake so ungozomomi da ma'aikatan awo su riƙa lura da ita, domin a inda ake haihuwa a gida ba ta da wuyar samu. Ita ce wadda ta zubar da jini sosai wurin haihuwa har ta suma, aka samu ta rayu, amma nono ya ƙi kawo ruwa, aka yi arba'in aka yi shekara al'ada ba ta dawo ba, kullum kasala, jin sanyi ko a bazara, gashin hammata da na gaba ya zube. Zubar jinin ce ta lalata wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa wadda ke ba sauran sinadaran jiki umarni. Wannan ba al'ada kaɗai ta rasa ba, kuma zazzaɓi ɗaya mai ƙarfi na iya kayar da ita. Tana buƙatar a kai ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato a auna jininta, a ɗora ta a kan maganin da za ta riƙa sha, kuma da shi tana iya komawa cikin ƙarfinta. Haka wadda al'adarta ta ɗauke bayan wankin ciki, da wadda nononta ke ɗigar ruwa ba ta goyo, da mai maƙoƙo, da mai tsohon tari tana rama, da wadda jininta ke tsallake watanni tun tana budurwa ga ƙiba ga gashi a haɓa: kowace da sababinta da maganinta daban. Ƙa'idar da nake bayarwa ita ce, in an kai wata uku ba ciki ba goyo ba allurar tazara, a shirya tafiya Babban Asibitin Sabon Birni ko na Isa ko Shinkafi, wanda hanyarsa ta fi lafiya a wannan makon, da rana, cikin ayari. Ba gaggawa ba ce ta dare, amma kada a bar ta ta shekara.

Game da kwantaccen ciki, ba zan shiga hurumin malamai ba. Abin da zan ce a ɓangaren lafiya shi ne, macen da aka ce cikinta ya kwanta ta cancanci a yi mata hoton ciki. Sau da yawa abin da hoton ke nunawa ɗan tayi ne da ya rasu bai fita ba, ko ƙari a mahaifa, ko wani irin ciki mai kama da ƙwan kwaɗo wanda ba ɗa a cikinsa, wanda kuma ke iya rikiɗewa ya zama sankara in an bar shi. Ba ɗaya cikin waɗannan da allurar kemis ke tayarwa. Yarinya kuma da ta kai shekara goma sha biyar ko sha shida ba ta fara al'ada ba, musamman in mararta na ciwo duk wata tana kumbura, kada a kai ta ga wanzami a yi mata yankan gishiri. Yankan nan na cikin abubuwan da ke kai mata sashen masu yoyon fitsari a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha a Sakkwato. In toshewa ce, ƙaramin aiki ne a hannun likita.

Akwai kuma halin da ba ya jiran gari ya waye. Mace ta yi ɓatan wata ɗaya ko biyu, sai ciwo ya soke ta a gefe guda na mara, tana ganin ɗan jini baƙi-baƙi yana ɗiga, jiri na ɗibarta in ta miƙe, wani lokaci har kafaɗa na yi mata ciwo, idonta da tafin hannunta sun yi fari. Wannan, har sai an tabbatar da akasin haka, ciki ne da ya zauna a bututun mahaifa ya fashe, jini na zuba a cikin cikinta inda ido ba ya gani. Haɗarin allurar sauko da jini a nan shi ne, ɗigon da ya biyo baya sai a ce ai ga al'adar ta fara zuwa, a ba ta maganin ciwo a ce ta kwanta. Tiyata kaɗai ke ceton ta, da ƙarin jini. A ɗauke ta zuwa asibitin da ake yin aiki, a tafi da maza biyu ko uku waɗanda za su iya ba da jini, kada a tsaya neman su bayan an isa.

'Yar'uwa, in kina karanta wannan gabanki na faɗuwa domin an riga an yi miki allurar, daga baya kika gane ciki ne, ki kwantar da hankalinki. Mafi yawan jariran da aka haifa bayan allura ɗaya ko 'yan ƙwayoyi a farkon ciki lafiyarsu ƙalau ake haifar su. Illar da aka tabbatar ta fi zuwa ne ga wadda ta daɗe tana shan mai yawa bayan ciki ya wuce wata biyu. Tun ƙarshen shekarun 1950 wani likitan yara a Amurka, Lawson Wilkins, ya nuna cewa irin waɗannan tsofaffin furojestaron na roba, da yake suna da dangantaka da sinadarin maza, suna iya sa a haifi ɗiya mace gabanta ya yi kama da na namiji. Abin yi shi ne ki daina yau, ki fara zuwa awo, ki tafi da kwalbar ko katin ƙwayar ki nuna wa ma'aikaciya, ki gaya mata ranar da kika sha da yawan abin da kika sha ba tare da ɓoyewa ba. Ki karɓi ƙwayar folik da ta ƙarin jini, in hali ya yi a yi hoton ciki wajen wata na biyar. Kada tsoron allurar ya sa ki nemi abin da zai taɓa cikin, wannan shi ne haɗari na gaske. Mai yawan ɓari kuma kada ta sayi Primolut N da sunan riƙe ciki. Kusan rabin ɓarin farkon ciki daga halittar ɗan tayin ne, ba maganin da ke riƙe shi. Sauran a nemi zazzaɓin cizon sauro, da ciwon suga, da ciwon sanyi na jini, da raunin bakin mahaifa. Akwai furojestaron na zamani irin na jiki da likita kan ba wadda ta taɓa ɓari kuma take ganin jini, amma sai bayan hoto ya nuna cikin yana cikin mahaifa.

Kada a fahimce ni kamar ina cewa Primolut N ba shi da amfani. Har yau likitoci na rubuta shi don tsayar da jinin da ya ƙi tsayawa, da kuma jinkirta al'ada, kuma ana yawan tambayata a kansa in azumi ya gabato ko an fara shirin Hajji. Don jinkirtawa, ana fara shi ne kamar kwana uku kafin ranar da ake sa ran jini, ƙwaya ɗaya sau uku a yini, na ɗan lokaci da bai wuce mako biyu ba sai da izinin likita, jinin kuma ya zo kwana biyu ko uku bayan an daina. Ba ya hana ɗaukar ciki a wannan shan. Abin da ba a gaya wa mata shi ne, jiki na juya wani kaso nasa ya koma istirojin, shi kuwa yana ƙara yiwuwar jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Wadda ta taɓa samun haka, da mai ciwon hanta ko shawara, da mai ƙari a nono, da mai hawan jinin da bai daidaita ba, da mai ciwon kai na ɓari ɗaya da ke zuwa da walƙiya a ido, su nisance shi. Mai sikila da mai ƙiba sosai kada su sha sai likita ya duba su. Hajiya da za ta zauna sa'o'i a jirgi ta kuma sha zafin Makka, ta nemi shawarar likitocin alhazai tun a gida, ta yawaita shan ruwa, in ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi ko numfashi ya sarƙe ta daina ta nemi asibiti nan take. Na azumi kuwa ra'ayina shi ne bai cancanci wahalar ba. Shari'a ta riga ta ba mace rangwame ta sha ta rama, kuma shan ƙwayar wata guda cur yakan ƙare da ɗige-ɗigen jinin da ke jefa ta cikin ruɗanin da ta gudu, ba ta san tana da tsarki ko ba ta da shi ba.

Yawan jini shi ma a yi hattara da rufe shi. Macen da ta haura arba'in tana zubar jini ba ƙa'ida, ko take ganin jini bayan saduwa da maigida, ko jini ya dawo mata bayan ta shekara da dainawa, ko ruwa mai wari ke fito mata, a duba bakin mahaifarta kafin a ba ta kowace ƙwaya. Sankarar bakin mahaifa ita ce ta biyu a yawa tsakanin matan Najeriya bayan ta nono, kuma watannin da ake ɓatawa ana tsayar da jini da Primolut N su ne watannin da aiki zai iya cetonta. Tun Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta kyauta, duk inda aka ji masu rigakafin sun zo a fito da ɗiyan. Ga mai yawan jini wadda aka duba ba a ga komai ba, akwai ƙwayar taranezamik wadda ba sinadarin mata ba ce, ana shan ta a kwanakin jinin kawai, tare da maganin ƙarin jini na watanni.

Wani tsohon maganin da har yanzu yakan ɓullo a takardar wasu masu ciwon mara mai tsanani da rashin haihuwa shi ne danazol, wanda ake sayarwa da sunan Danol ko Danocrine. A shekarun 1970 da 1980 shi ne kan gaba wajen maganin ciwon da ake kira endometiriyosis, inda irin shimfiɗar mahaifa ke tsirowa a wajen mahaifa tana jini duk wata. Yana rage ciwon, amma da tsada a jiki: ƙuraje, gashi a fuska, ƙiba, ƙanƙancewar nono, wahalar hanta, da kaurin murya wanda wani lokaci ba ya komawa ko an daina. Ba ya ba da haihuwa, yana ma hana ƙwai fita muddin ana shan sa, in kuma ciki ya kuskure ya shiga yana iya taɓa halittar ɗiya mace. Yau akwai waɗanda suka fi shi sauƙi. Wadda aka rubuta wa shi ta tambayi likitan ko akwai madadinsa, a gwada cikinta kafin ƙwayar farko, kuma ranar da ta ji muryarta ta fara shaƙewa ta daina ta koma ta faɗa.

Ɗan'uwa mai kemis, da kai zan ƙarasa, domin a garuruwa da yawa kai ne ka tsaya lokacin da wasu suka tafi, kuma mutane sun san haka. Lasisin da Hukumar Harhaɗa Magunguna ta ba ka bai haɗa da yin allura ko sayar da irin waɗannan magunguna ba tare da takardar likita ba, kai ma ka sani. In yaro ya zo da tsohon kwali, ka mayar da shi da tsinken gwaji, ka ce a gwada da asuba a aiko maka da amsa. In mace ta zo da kanta, ka tambaye ta yaushe rabonta da jini, tana goyo ko tana kan allurar tazara, akwai ciwo a gefe guda ko jiri. Kada ka karɓi kayan da ba lambar NAFDAC ko waɗanda aka ƙetaro da su a buhu cikin zafin Afrilu, kada kuma ka yanke kati ta inda ranar lalacewa za ta ɓace. Ka ajiye lambar wayar ma'aikaciyar awo ta babban asibiti da ta direba ɗaya da ka amince da shi a jikin bangon shagonka, ka kuma san gidajen da ke da maza masu iya ba da jini a unguwarku.